Lambar Shiyya da Ingancin Sauti a Faifan Fim

Fim guda kan fito a faifan DVD iri-iri, kowanne da ƙasashen da aka buga shi dominsu, kuma sau da yawa sautinsu kan bambanta. Inda ruɗu ya shigo shi ne 'yar lambar nan da ke bayan kwali, cikin hoton duniya. Akwai masu sayarwa da ke rantse wa mai saye cewa lamba 1 ita ce ta gaba a inganci, lamba 5 kuwa ragowa ce da aka jibge wa Afirka. Zancen ba shi da tushe. Kamfanonin fina-finai ne suka kasa duniya shiyya shida domin su riƙe farashi da lokacin fitar fim a kowace kasuwa. Shiyya ta 1 ta Amurka ce da Kanada, ta 2 ta haɗa Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, ta 5 kuma ta ƙunshi Najeriya da yawancin Afirka da Indiya da Rasha. Lambar kwaɗo ce a ƙofa, ba ta faɗin abin da ke cikin ɗaki.

Bambancin gaske yana farawa ne daga tsarin talabijin. Ana ɗaukar fim ɗin silima da hoto 24 a daƙiƙa. Amurka da Japan, masu tsarin NTSC, suna da dabarar maimaita wasu hotuna, fim ya ci gaba da tafiya kusan yadda aka ɗauke shi. Tsarin PAL na Ingila da Jamus da Najeriya kuwa hoto 25 yake nunawa, don haka sai a ƙara wa fim ɗin gudu da kimanin kashi 4 cikin ɗari. Fim mai awa biyu yakan ƙare a minti 115. Ido bai cika lura ba, amma kunne yana ji, domin sauti idan aka hanzarta shi sai ya ƙara kaifi. Kamar kalangu ne a hammatar makaɗi: da ya matse tsarkiya, murya ta hau sama. Kamar tsohon kaset ne da rediyo ke ja da sauri, muryar dattijo ta koma ta saurayi. A hira ba kowa zai damu ba. A fim mai yawan waƙoƙi, irin na Indiya, wanda ya haddace waƙar zai ji an ɗan ɗaga ta daga mazauninta. Wasu kamfanoni kan mayar da muryar daidai da kwamfuta, amma gudun yana nan. Faifan PAL dai ya fi layukan hoto, 576 maimakon 480, sai mutum ya zaɓi wanda zai fifita tsakanin ido da kunne.

Sai gardamar Dolby Digital da DTS, wadda ta fi kowace cin lokaci. A DVD, Dolby ba ya wuce kilobit 448 a daƙiƙa, DTS kuwa yana kaiwa 1509, ko da yake yawancin faifai rabin hakan suke ɗauka, wato 754. Ganin babbar lamba sai a yanke hukunci, alhali hanyoyin matse sautin biyu ba iri ɗaya ba ne. Akwai kuma tarko: na'ura kan rage ƙarar Dolby da kimanin desibel 4 saboda wani saiti na daidaita muryar magana, sai DTS ya fito da ƙarfi. Kunnen ɗan Adam kuwa yakan ɗauki ƙara a matsayin daɗi, kamar yadda mai yawan gishiri a miya ke zaton ya fi kowa iya girki. In ba a daidaita ƙarar biyun ba, gwajin bai gwada komai ba.

Abin da ya fi waɗannan lambobi tasiri shi ne haɗin sautin da aka ɗora. Fim ɗin Jaws na 1975 ya ci lambar Oscar ta sauti da lasifika guda. Da aka fitar da shi a DVD a 2000, an sake haɗa sautin zuwa 5.1, wato tsari mai lasifika da yawa, aka sauya wasu ƙararraki, sai a bugun 2005 aka dawo da na asali. Faifan Turai kuma kan ɗauki fassarar murya ta harsuna da dama, kowace tana cin gurbi a faifan da bai wuce gigabait 8.5 ba, har a kan jefar da DTS don a sami wuri.

Blu-ray ya rage rigimar. Shiyyoyinsa uku ne, A da B da C, Afirka tana B tare da Turai. Yawancin fina-finai suna tafiya da gudunsu na asali a ko'ina, kuma Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio ba sa zubar da komai na sautin.

Faifan bakin kasuwa mai fim ashirin a ciki kuwa ba ya cikin wannan lissafi, duk da tambarin DTS da 5.1 da ke ƙyalli a ledarsa. Gurbin da aka tanada don fim ɗaya aka raba wa ashirin, kuma sauti aka fara yanka, aka matse shi zuwa hanya biyu, ana jin ganga kamar ana bugun kwali.