Tankokin Hotoro da Awon Ƙarfe da Sauti

Daffon mai na NNPC ya yi wa Hotoro suna, har wata mazaɓa a ƙaramar hukumar Tarauni take amsa sunan Hotoro NNPC. Sai dai abin da ya fi shafar rayuwar mutanen unguwar shi ne abin da daffon ya tara a kewayensa: tankokin mai da ke jere a bakin titin Maiduguri, gidajen mai masu tankuna binne a ƙasa, shagunan ɗura gas, da rumfunan masu walda da ke yi wa duk waɗannan hidima. Tsakanin dubban litocin fetur da mai shayin da ke gefen titi babu komai sai fallen ƙarfe mai kaurin 'yan milimita. Lafiyar wannan falle ita ce batun da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba a muhawarar haɗarin tankoki.

Nauyin da ke kan wannan ƙarfe ya ƙaru, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Lokacin da aka buɗe matatar Kaduna a 1980, tsarin shi ne mai ya biyo bututu ya sauka a daffo irin na Hotoro, tanka kuma ta yi gajeren zango zuwa gidajen mai. Da matatar ta shafe shekaru ba ta aiki, ga masu fasa bututu, sai aikin ya koma kan titi. Tankar da aka ƙera don jigila tsakanin gari da gari ta koma cin kusan kilomita 1,000 daga Legas, tana faɗawa ramuka da kaya a cikinta. Kowace girgiza tana ɗan lanƙwasa ƙarfen, musamman a layin walda da wurin da shingayen cikin tanki suka haɗu da jikinsa. Ƙarfe yana gajiya: tsaga takan fara ƙarama ainun, ta yi ta tsawo a hankali. Ruwan da kan kwanta a ƙasan mai kuma yana cin gindin tankin da tsatsa daga ciki, inda fenti ba ya nuna komai. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, sabon tanki ya yi wa masu motoci da yawa nisa, faci ya zama mafita. A gefe guda tukwanen gas sun shiga gidaje, gwamnati kuma tana kwaɗaitar da masu ababen hawa su koma iskar CNG, wadda ake matse ta da ƙarfin da ya ninka na gas ɗin girki sau da yawa. Fashewar da ta auku a wani gidan sayar da CNG a birnin Benin a Oktoban 2024, hukumomi sun ɗora ta ne a kan tukunyar da aka ƙera ba bisa ƙa'ida ba.

Mai walda yana da hanyoyinsa na gane lafiyar tanki, kuma ba abin rainawa ba ne. Yana dubawa da ido, ya ƙwanƙwasa da guduma ya saurari amon, ya cika da ruwa ya nemi yoyo, ko ya shafa kumfar sabulu. Matsalar ita ce yawancin waɗannan suna kama ɓarna ne bayan ta huda ƙarfen. Fallen da tsatsa ta cinye rabin kaurinsa ba ya yoyo. Yana nan garau a ido har ranar da zai sha bugu.

A nan ne awon sauti yake shigowa. Kunnen mutum ba ya jin abin da ya wuce girgiza sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya, amma ƙarfe yana ɗaukar sautin da ya ninka haka sau ɗaruruwa. Duk wanda ya taɓa raka mai juna biyu ɗaukar hoton ciki a Asibitin Malam Aminu Kano da ke Gyaɗi-Gyaɗi ya ga ɗan'uwan wannan fasaha: a shafa man da zai haɗa na'ura da fata, a tura sauti, a karanta amsa-kuwwar da ta dawo. A jikin ƙarfe sautin yana gudun kusan mita 5,900 a daƙiƙa. Idan falle yana da kaurin milimita 6, zuwa da dawowar tana ɗaukar kusan kashi biyu cikin miliyan na daƙiƙa. Na'urar tana auna wannan ɗan lokaci ta faɗi kaurin da ya rage, ba tare da an yanka ko an huda komai ba. Masanin Rasha Sergei Sokolov ne ya fara kawo shawarar neman aibin ƙarfe ta wannan hanya a ƙarshen shekarun 1920, sannan Floyd Firestone na Jami'ar Michigan ya sami rajistar mallakar na'urarsa a 1942.

Wannan awo yana duba wuri ɗaya ne a lokaci guda, gwargwadon faɗin kan na'urar. Tanki kuwa yana da faɗi. Shi ya sa hankalin masu bincike ya koma kan wani nau'in igiyar sauti da masanin lissafi ɗan Birtaniya Horace Lamb ya bayyana a 1917, wadda D. C. Worlton ya tabbatar da ita a ɗakin gwaji a Amurka a 1961. Idan falle ya yi siriri sosai, sautin ba ya tsayawa kai-komo tsakanin fuskokinsa biyu. Yakan cika kaurin gaba ɗaya ya bi shimfiɗar ƙarfen ya yi tafiyar mitoci. Wani nau'insa yana sa fallen ya riƙa kumbura yana motsewa, wani kuma yana sa shi lanƙwasa sama da ƙasa. Idan igiyar ta ci karo da tsaga ko wurin da tsatsa ta sirantar, wani ɓangarenta yana dawowa, wani ya warwatse, gudunta ma ya canja. Da 'yan ƙananan na'urori da aka manna a wurare daban-daban, kowace tana aikawa sauran suna saurare, kwamfuta za ta iya nuna inda aibin yake.

Masana'antar jiragen sama ce ta fi matsa wa wannan bincike lamba, kuma da dalili. Ranar 28 ga Afrilun 1988 rufin wani jirgin Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye a sararin samaniyar Hawayi, ma'aikaciya ɗaya ta rasu. Bincike ya gano ƙananan tsage-tsage a ramukan ƙusoshi, waɗanda suka haɗe da juna ba a lura ba. A shekarun 1990 masu bincike a Kwalejin Imperial ta Landan suka ɗora irin wannan igiya a kan bututu, yadda daga wuri guda za a duba mitoci goma-goma, har da sashen da ke ƙarƙashin titi. Sai kuma araha ta zo: kayan lantarki suka ƙanƙance, na'urar auna kauri ta zama abin sakawa a aljihu.

To me ya sa ba mu ganin wannan fasaha a ƙofar daffo? Wani ɓangare na amsar yana cikin fasahar kanta, kuma masu tallata ta ba su cika faɗa ba. Igiyar Lamb tana da wuyar karatu. Gudunta yana sauyawa da kaurin falle da kuma saurin girgizar da aka zaɓa, nau'o'i da dama suna tafiya tare, kowane layin walda da kowane shinge yana mayar da tasa amsa-kuwwar. Tankin da ya sha faci biyar kuwa amsoshinsa sun fi na sabon falle rikitarwa nesa ba kusa ba. Man da ke ciki yana shanye ƙarfin sautin. Hanyar da aka fi bi ita ce a adana awon lokacin da ƙarfen yake lafiya, a riƙa kwatanta sabon awo da shi, amma zafi kaɗai yana iya canja sakamakon fiye da yadda ƙaramar tsaga za ta canja shi. A Kano, inda asubar hunturu da tsakar ranar Afrilu suke kamar ƙasashe biyu, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Ga shi yawancin tankokinmu ba su da wani awon asali da za a koma gare shi.

Akwai kuma tambayar da ta fi zafi. A daren 15 ga Oktoban 2024 wata tanka da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jigawa, wuta ta ci sama da mutum 170, yawancinsu masu kwasar man da ya malala. Ranar 18 ga Janairun 2025 aka maimaita irin haka a mahaɗar Dikko ta jihar Neja, sama da mutum 80 suka rasu. Babu na'urar sautin da za ta gyara titi, ko ta hana direba gyangyaɗi, ko ta cire talaucin da ke tura mutum ya nufi fetur da bokiti. Duk wanda ya ce wannan awo zai kawo ƙarshen irin waɗannan musibu ya yi wa mamatan rashin adalci. Abin da zai iya yi ya fi haka ƙanƙanta, amma yana da nauyi: faɗuwar tanka daban, fashewar jikinta daban. Ƙarfe mai cikakken kauri da walda mai kyau sun fi yiwuwar riƙe kayansu idan mota ta kwanta. Haka nan tankin gidan mai da ke yoyo a ƙarƙashin ƙasa ba ya tayar da gobarar da za a gani a labarai, rijiyoyin maƙwabta yake gurɓatawa, a garin da gidaje da yawa suka dogara da rijiya da burtsatse.

Matakin da hukumar kula da harkar man fetur ta NMDPRA ta ɗauka na hana lodin tankoki masu lita 60,000 daga 1 ga Maris 2025 ya taɓa girman kaya, bai taɓa lafiyar mazubin ba. Binciken da jami'an kiyaye haɗurra ke yi kafin lodi ma ya fi karkata ga abin da ido ke iya tabbatarwa, irin su taya, birki, fitila da murfi. A ganina Hotoro ba ta buƙatar fara da na'urorin da ake mannawa a fiffiken jirgi. Ta fara da ƙaramar na'urar auna kauri, a auna wurare sanannu a gindin tanki da gefen layukan walda, a rubuta a littafin da zai bi motar duk inda ta je. Awon bana ba ya faɗin abu mai yawa, amma idan aka jera shi da na baɗi za a ga saurin da tsatsa ke ci.

Wanda zai riƙe na'urar ya fi na'urar muhimmanci. Akwai ma'aunin duniya na horar da masu wannan aiki, ISO 9712, kuma Jami'ar Bayero da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano suna yaye matasan da za su iya ɗaukar horon. Ni da a ce masu waldar Hotoro aka fara koya wa, domin su suka san inda tanki ya saba tsagewa, kuma su ne za su yi gyaran. Haɗarin da nake hange shi ne awon ya zama wata sabuwar takarda da ake saye a bakin ƙofa, mai mota ya biya, a buga hatimi, ƙarfen bai ga na'ura ba. Hakan ya fi rashin awon muni, domin zai sanya wa ruɓaɓɓen tanki shaidar lafiya. Ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO da reshen direbobin tanka na ƙungiyar ma'aikatan mai ta NUPENG suna da ƙarfin da za su hana hakan idan suka ɗauki abin a matsayin nasu, kuma direban da ke kwana a ƙarƙashin motarsa a titin Maiduguri shi ne ya fi kowa haƙƙin sanin milimita nawa suka rage a gindin tankin.