Na'urar farfaɗo da zuciya ba ta ƙarasa wanda ya suma

Wani saƙo ya cika WhatsApp ɗin danginmu, kowa na turawa da "don Allah a yaɗa". Wai na'urar AED, irin wadda ake ratayewa a filayen jirgin sama, idan wanda ba likita ba ya ɗora ta a kan mutumin da ya yanke jiki ya faɗi, wutarta za ta ƙarasa shi. Da gani wanda ya rubuta wannan ko murfin akwatin bai taɓa buɗewa ba.

Ban ga laifin masu jin tsoro ba, domin babu mai son a ce a hannunsa rai ya fita. Amma na'urar ba ta sakin wuta don kawai an danna. Da ka manna faifanta biyu, ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗaya a gefen hagu ƙasa da hammata, ita ce za ta auna bugun zuciya, ta riƙa faɗa maka abin yi. Idan zuciyar karkarwa kawai take yi ba ta tura jini, sai ta ce kowa ya ja baya kafin a saki wutar. Idan suma ce, zuciya na aiki, ko ka danna ba abin da zai fito. Japan ta ba kowa izinin amfani da ita tun 2004.

Jira ne ke kashewa. Idan zuciya ta tsaya, duk minti ɗaya da ya wuce ba a taimaka ba, damar tsira na raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari. Mu kuwa a lokacin ana yayyafa ruwa, ana fifita, wani ya ruga neman cokali. Christian Eriksen, ɗan ƙwallon Denmark da ya faɗi a fili a Yunin 2021, danna ƙirji da irin wannan na'ura nan take ne suka zama sanadin tashinsa.

Batun da ake yaɗawa na a yi ta tari idan zuciya ta tsaya kuwa shirme ne, wanda zuciyarsa ta tsaya ba ya cikin hayyacinsa balle ya yi tari. Gaskiya ɗaya a saƙon ita ce ba kowa na'urar ke ceta ba, kuma ba ta ta da matacce.

Idan mutum bai amsa kira ba, ba ya numfashi ko sai jan gwauron numfashi jefi-jefi, a Najeriya kira 112, ka durƙusa ka danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo na'urar in akwai.