Kyankyaso, Gara Ko Tsutsa: Wanne Ya Dace Mai Kaji Ya Kiwata A Ikko?

Idan aka gaya wa mutumin Agege cewa akwai wanda yake sa kuɗinsa ya sayi kyankyaso, ya yi masa akwati, ya riƙa yanka masa lemo da karas, sai ya ce ko dai ƙarya ake yi, ko kuma mutumin nan yana bukatar a kai shi wurin malam. To, ba ƙarya ba ce. A Amurka da Ingila da Jamus akwai masu kiwon wani ƙaton gizo-gizo mai gashi da ake kira tarantula, kamar yadda mutanenmu suke ajiye kanari a keji. Shi wannan gizo ba ruwansa da hatsi, sai ƙwaro mai rai. Saboda haka tilas mai shi ya yi kiwo biyu, watau gizon da kuma abincin gizon.

Da can gyare suka fi ba shi, amma gyare ga wari, ga kuka da dare, ga saurin mutuwa. Sai da yawansu suka koma ga kyankyasai, suka shiga gardamar wane iri ya fi. Akwai wanda suke kira dubiya, ɗan asalin Amurka ta Kudu. Ba ya iya hawan bango mai santsi, ba shi da gudu, kuma macen tana haihuwar 'ya'ya 20 zuwa 40 a lokaci guda. Aibinsa shi ne jinkirin girma, don yakan yi wata 4 zuwa 6 kafin ya balaga, kuma in an jefa wa gizo shi sai ya nutse cikin ƙasa ya yi lamo. Akwai wani ja ɗan Turkistan mai gudun tsiya da saurin yaɗo, wanda gizo ya fi so saboda motsinsa. Amma shi wannan tun 1978 aka fara ganinsa a wani sansanin soja a Kalifoniya, yau ga shi ya cika garuruwan kudu maso yammacin Amurka. Shi ya sa jihar Fulorida, mai zafi da laima irin na Ikko, ta hana a shiga da dubiya, don ta san wanda ya kuɓuce ba sanyin da zai kashe shi.

Mu dai ba mu kiwon gizo, mun bar shi a tatsuniya tare da Ƙoƙi. Amma tambayar da waɗannan Turawa suke yi ta shafe mu. Daga Zangon Agege zuwa Idi-Araba da Alaba Rago, da wuya ka shiga gidan ɗan Arewa mai iyali ba ka tarar da akurkin kaji ba, wani har da zabi, wani da tarwaɗa a cikin tankin roba. Duk mai wannan kiwo ya san inda ke masa ciwo. Abinci shi ke cinye kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon kaji, kuma abin da ya fi tsada a cikinsa shi ne mai gina jiki, watau waken soya da garin kifi. Dusa kaɗai ba ta sa tsako ya girma, ba ta sa kaza ta yi ƙwai. Ƙwari kuwa suna cike gurbin nan, kuma kaza ta san haka tun kafin masana su sani, shi ya sa take yini tana tono.

Wanda ya tashi a karkara ya san dabarar gara. A sami tsohuwar tukunya, a cusa busasshen kashin shanu da karan dawa, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma. Da sassafe a ɗauko ta cike, a zazzage wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi. Har yanzu ana yi a ƙasar Hausa da Nijar da arewacin Gana. Tsofaffi sukan yi kashedi da zago mai manyan haƙora, don yana iya maƙale wa tsako a maƙogwaro. Dabara ce mai kyau, sai dai ita gara ba kiwonta ake yi ba, tarko ake ɗana mata. Ina za ka ga suri a unguwar da ko'ina siminti ne? In ma ka samu, wane mai gida ne zai yarda ka jawo masa gara kusa da katakon rufinsa?

Kyankyaso fa? A ƙasar Sin an mai da shi babbar sana'a. A 2018 an ba da labarin wata gona kusa da birnin Jinan inda kyankyasai suke cinye kimanin tan 50 na ragowar abinci kullum, daga baya a sarrafa su a ba dabbobi. Irin da suke kiwo kuwa shi ne wannan babban ja da muke fama da shi a makewayi, wanda ake kira na Amurka alhali asalinsa daga Afirka jiragen ruwa suka kwashe shi. Amma su a rufaffun gine-gine suke yi. A gidan haya na Ikko, inda ɗaki ke kallon ɗaki, mutum goma na tarayya a madafa ɗaya, ni ban ga hikimar wannan ba. Ranar da yaro ya ture akwatin, ranar za ka fara neman wani gida. Kama na cikin kwata a ba kaji shi ma ba shawara ba ce. Yana ɗauke da ƙazanta, sau da yawa ya riga ya taka maganin feshi, kuma akwai wani irin kyankyaso da ke sa wa kaji tsutsar ido.

Saura tsutsa, kuma iri biyu ce. Ta ƙudan gida ita ce mafi sauƙi, musamman ga mutanen Agege da ke da mayankar Oko-Oba a kusa. Kashin shanu ko abin da aka zubar daga tumbi, a haɗa da 'yar dusa, a ajiye a inuwa, cikin kwana 4 zuwa 5 tsutsa ta kai a kwashe. Tarwaɗa tana sonta ainun. Sai dai in ka yi sakaci na kwana biyu ta zama ƙuda, kai kuma ka zama mai rabon cuta ga maƙwabta, ban da warin da zai kai ƙararka gaban mai unguwa.

Ɗayar ita ce tsutsar baƙin ƙuda, wanda Turawa suka yi wa laƙabi da soja. In ka gan shi sai ka ɗauka zanzaro ne, amma ba ya harbi, ba ya cizo, kuma bai damu da shiga ɗaki ko sauka a kan tuwo ba. Macen takan saka ƙwai wajen 500 a cikin tsaga kusa da abin da ke ruɓewa, su ƙyanƙyashe cikin kwana 4, tsutsar ta yi kamar mako biyu tana ci. Busasshiyarta kimanin kashi 40 cikin ɗari abin gina jiki ne. Abincinta kuwa shi ne abin da ake zubarwa kullum a kasuwar Mile 12: ruɓaɓɓen tumatir, ɓawon ayaba, ganyen kabeji, har da burodin Agege da ya kwana biyu. Wani abin sha'awa, in ta ƙoshi ta fara baƙi, da kanta take fita neman busasshen wuri. In ka jingina mata katako daga cikin bokiti zuwa wani kwano, sai ta kai kanta. Tarayyar Turai ta yarda a sa ƙwari irin wannan a abincin kifi a 2017, na kaji kuma a 2021, kuma a Kenya manoma da yawa sun kama sana'ar. A ganina wannan ce ta dace da mazaunin Ikko.

Na san wani zai ce, yaya batun cin kazar da ta ci tsutsar juji? Malamai sun yi bayani a kan dabbar da ke cin najasa, wadda ake kira jallala, har an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar yakan tsare irin wannan kaza kwana uku kafin a yanka. Mai son fita daga shakka sai ya ciyar da tsutsarsa da ragowar kayan lambu da dusa kaɗai, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Mai son gwadawa ya fara da bokiti ɗaya mai murfi, ya huda ƙasansa don ruwa ya tsiyaye, ya huda gefensa ta sama don ƙudan ya shiga, ya rataya guntun kwali a ciki inda macen za ta saka ƙwai. A ajiye shi a inuwa, a ɗora a kan bulo, a tsare shi daga ɓera da tururuwa. In ya fara wari, ruwa ya yi yawa, sai a ƙara dusa. A wanke tsutsar kafin a ba kaji, kuma a haɗa musu da hatsinsu na kullum, don tana da maiƙo da yawa.