Me ke sa kwandon shara ɗoyi, kuma yaya za a yi maganinsa?

Baƙo ne ke fara jin warin kwandon shara, ba masu gida ba. Hanci yakan saba da warin da ya daɗe a cikinsa, bayan 'yan mintuna sai ya daina kai wa ƙwaƙwalwa labari. Shi ya sa uwargida za ta wuni a kicin ba ta ji komai ba, maƙwabciya na yin sallama ta ce, "Maman Abba, anya ɓera bai mutu muku ba?" Daga nan sai a kunna turaren wuta, ko a ɗauko na fesawa. Ƙamshin ya hau kan ɗoyin, su haɗu su ba da wani abu da ya fi na farkon tada zuciya.

Ita shara a karan kanta ba ta wari. Takarda, kwali, busasshen ɓawon albasa, duk za su yi wata guda a ajiye ba a ji ɗuriyarsu ba. Masu aikin su ne ƙwayoyin bakteriya, kuma abu uku suke nema: abinci, ɗumi da danshi. Idan sun samu, wasunsu kan ninka yawansu cikin minti 20 kacal. Ɗumin da suka fi so yana kusa da na jikin mutum, wato digiri 37 a ma'aunin Salshiyos. To a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu ke haura 40, guntun shinkafar da aka zubar da safe kafin la'asar ta fara tsami.

Abin ya fi muni idan sharar ta jiƙe ta danne juna a ƙasan leda, inda iska ba ta shiga. A nan ne bakteriyar da ba ta buƙatar iska ke cin karenta babu babbaka. Ita ce ke fitar da iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda hanci ke kamawa ko da 'yar mitsitsiya ce. Ruɓewar nama kuma na ba da sinadarai biyu, futuresin da kadabarin, waɗanda likitan nan na Jamus, Ludwig Brieger, ya bayyana a 1885. Kifin teku irin su sukumbiya na da nasa daban, taraimetilamin, tushen ƙarnin nan da ke maƙale wa hannu.

Cikin abubuwan nan uku da bakteriya ke nema, zafi ba ya hannunmu, kuma gidan da ake girki ba ya rasa ragowar abinci. Ruwa ne kaɗai za mu iya hana su. Iyayenmu sun san haka tun kafin zuwan leda. Ragowar tuwo a ɗumama da safe, ƙanzo a shanya shi, ɓawon doya da na dankali na akuya ne, tsakin shinkafa na kaji. Abin da ya rage a bi shi da toka a kai juji, inda manoman karkarar Kano suka daɗe suna zuwa da jakuna su kwasa su yi taki. Yau a gidajen haya da na bene babu akuya babu kaza, sai a juye miya da ruwanta cikin baƙar leda, a rufe murfi ruf. A ganina wannan ledar da murfin su suka fi yi mana ɓarna, don suna ɓoye ruɓar ne kawai har ta nuna.

Saboda haka a tsane komai kafin a zubar. Guntun miya, tuƙar markaɗe, ganyen shayi, a zuba su a matsami ko kwandon tata ruwan ya fita tukuna. A shimfiɗa tsohuwar jarida ko kwali a gindin bokitin, ƙarƙashin ledar, don ya shanye abin da ya yoyo. Kayan cikin kaza da kan kifi kuwa kada su kwana a kicin. A ƙulle su daban a fitar a ranar, mai firiza kuma ya daskarar da su zuwa ranar da mai kwasar shara zai zo. Ƙaramin bokiti ya fi babba, domin yana cika da wuri ya tilasta a zubar kullum.

Wurin kashe wari ma akwai lissafi. Tsamin tuwo, nono da 'ya'yan itace daga asid yake, maganinsa toka, kanwa ko bekin soda, a barbaɗa a gindin bokiti. Ƙarnin kifi akasin haka ne, shi lemun tsami ko ruwan khal ke karya shi, toka ba ta yi masa komai. Gawayi kuwa ƙananan ramukan jikinsa ne ke riƙe wari, a daddaka kaɗan a ajiye a ciki. Kuma roba na shan wari, don haka sau ɗaya a mako a wanke bokitin da omo da ruwan zafi, a kife shi a rana ya bushe ƙarau. Gargaɗi ɗaya: kada a haɗa bilic irin su Hypo ko Jik da khal ko wani abu mai tsami. Haɗin na fitar da iskar kulorin, mai ƙona ido da huhu, musamman a rufaffen kicin.

Batun ya wuce jin kunyar baƙo. Warin da ke korar mutum shi ke kiran ƙuda. Macen ƙuda kan saka ƙwai kusan 100 a zama ɗaya, su ƙyanƙyashe cikin kwana guda, shi ya sa ake wayar gari a ga tsutsa a kwandon da jiya babu komai. Haka ɓera, wanda wani nau'insa ke yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. A fitar da jiƙaƙƙiyar shara kafin magariba, a kai ta inda hukuma ta tanada, kamar hukumar REMASAB a Kano. Don Allah kada a juye ta a kwata, damina na zuwa za ta dawo da ita ƙofar gida.