Gobekli Tepe: Tudun da aka ɗauka maƙabarta ce

Sau nawa muke wuce tudu a hanyar makaranta ba mu ko ɗaga kai mun dube shi ba? A kudu maso gabashin Turkiyya, kusa da birnin Shanliurfa, akwai wani tudu da manoma suka daɗe suna noma a kansa, garmarsu tana karo da manyan duwatsu. Sunansa Gobekli Tepe, wato "tudu mai tumbi" da Turkanci.

A 1963 masu bincike daga jami'o'in Istanbul da Shikago suka ziyarci wurin. Sun ga fasassun duwatsu, suka ɗauka na tsohuwar maƙabarta ne, suka wuce. Sai a 1994 wani Bajamushe masanin kayan tarihi, Klaus Schmidt, ya hau tudun, ya lura da tarin wuƙaƙen dutse a warwatse. Nan ya gane cewa tudun ba haka Allah ya halicce shi ba, ɗan Adam ne ya tara shi. A 1995 aka fara tono.

Abin da ya fito ya girgiza masana. An sami gine-gine masu siffar da'ira, a cikinsu ga ginshiƙan dutse masu kama da harafin T, wasu tsayinsu ya haura mita 5. An sassaƙa musu hotunan maciji, kunama, ungulu, yanyawa da aladen daji. Wasu ma har da hannuwa da ɗamara, kamar mutane a tsaye. An fara ginin wajen shekara 9500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wato ya girmi dalar Masar da fiye da shekara 6,000. Maginansa ba su san ƙarfe ba, ba su kuma fara ƙera tukunya ba. Da dutse suka sassaƙa dutse.

To yaya aka san shekarun, alhali ba su bar rubutu ba? A nan aikin yake. Mai tonon tarihi ba ya sara da ƙarfi kamar mai haƙar rijiya. Ana yanka fili gida-gida da igiya, ana kankare ƙasa kaɗan-kaɗan da ƙaramin cokalin magina da buroshi, sannan a tankaɗe ta a rariya don kada ko ɗan guntun ƙashi ya salwanta. Duk abin da aka gani, sai an ɗauki hotonsa, an auna zurfinsa, an rubuta inda yake kafin a ɗaga shi, domin galibi abin da ke ƙasa ya riga na sama. Gawayi da ƙashi kuwa ana kai su ɗakin gwaji. Akwai wani nau'in sinadarin kabon a jikin duk mai rai, wanda ke raguwa sannu a hankali bayan mutuwa. Abin da ya rage shi ke nuna shekaru.

Schmidt ya ɗauka wurin bauta ne kawai, wanda mafarauta ke taruwa a cikinsa su watse. Bayan rasuwarsa a 2014, waɗanda suka ci gaba da aikin suka gano gidajen kwana da ramukan tara ruwan sama, ga kuma duwatsun niƙa masu yawa. Ashe har zama ake yi a wurin. Da a ce an yi tonon da garaje, da wannan gyara bai yiwu ba. A 2018 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Wannan ya shafe mu a nan gida. A yankin Nok na Jihar Kaduna, masu tonon ɓoye sun kwashe mutum-mutumin yumɓu masu yawa sun sayar ƙasashen waje. Abin yana nan, amma labarinsa ya tafi, domin ba wanda ya rubuta inda ya kwanta da abin da ke kusa da shi.

Saboda haka, ƙannenmu, in kun ci karo da tsohon kasko ko tukunya a gona ko a kufai, kada ku tone. Ku bar shi inda yake, ku gaya wa malamin tarihinku ko gidan tarihi mafi kusa.