Gyara da Sauya Nozul ɗin Mota a Daura

Nozul, wanda wasu ke kira injekta, shi ke fesa fetur cikin injin motocin da suka maye gurbin masu kafireta. Ƙofofinsa ƙanana ne ƙwarai, datti kaɗan ya isa ya toshe su. A Daura kuwa dattin ba ya wuyar samu: ga ƙurar hunturu, ga man 'yan bumburutu da ake juyewa daga jarka zuwa mazurari. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, direbobi da yawa na tafiya da tanki kusan wayam, famfon mai yana zuƙo lakar gindinsa.

In nozul ya toshe, mota takan yi kakkarwa a tsaye, ta rasa ƙarfi. In yana ɗiga, sai baƙin hayaƙi da shan mai. Bakanike na ƙwarai kan fara duba fulogi da filta kafin ya kwance nozul. Daga nan ya ba shi wuta, ya tura masa man wanki, ya dubi feshin: kamar hazo ake so ya fito.

Wanda wayar cikinsa ta ƙone, wanki ba ya tashinsa. Sai a nemo mai lamba ɗaya da shi, sau da yawa daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, a sa da sababbin robobi, don tsofaffi kan zubar da fetur kan inji mai zafi.