Me Ya Sa Wata Waƙar Ke Fasa Kunne, Wata Kuma Sai Ka Kasa Kunne?

Duk wanda ya taɓa kai memorinsa wajen masu turi a kasuwar Gaya ko shagunan caji na Ajingi ya san wannan matsalar. Shata na waƙa, ka ƙure sautin waya don ka ji kalangu da kyau, yana gamawa sai waƙar Hamisu Breaker ko ta Ado Gwanja ta faɗo kamar aradu. In kuwa ƙaramar sifikar mai shayi ce, kwana kaɗan za ka ji ta fara shaƙewa. Asara kenan.

Jama'a, ba laifin wayar ba ne. Tsofaffin waƙoƙi daga kaset aka kwafo yawancinsu, kowa da yadda ya saita tasa na'urar. Na yanzu kuma a situdiyo ake matse su: a danne inda sauti ya yi tsini, a ɗaga inda ya yi ƙasa, har waƙar ta koma ƙara ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Akwai ma'aunin da ake kira LUFS, wanda ke auna yadda kunnen mutum ke jin ƙarar waƙa gaba ɗayanta, ba wurin da ta fi tsini kaɗai ba. Lissafinsa a ƙasan sifili yake, wato -8 ya fi -14 ƙara. A 2010 gidajen rediyo da talabijin na Turai suka tsayar da -23. Spotify da YouTube kuma wajen -14 suke ajiye waƙa. To ka ga, mawaƙin da ya sa aka matse masa waƙa har -8 don ya fi kowa amo, YouTube rage ta zai yi. Ƙarar ta tafi, ga kiɗan ya riga ya cushe, ganga ba ta da sauran nauyi. Wallahi abin na ba ni takaici.

Amma memori da Xender babu ruwansu da wannan gyaran, yadda fayil ya zo haka zai fita. Nan ne aikin mai turi yake. Akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna MP3Gain: ka zuba mata waƙoƙin, ka bar ta a 89 ɗin da ta zo da shi, ka danna Track Gain, sai ta daidaita su ba tare da ta rage ingancinsu ba. In ta nuna jar alama a kan wata waƙa, sautin zai fashe ne, sai ka sauko da lambar kaɗan. Sai dai fa in ka ɗaga tsohon kaset, shuuu ɗin da ke cikinsa ma tasowa zai yi.

Fim kuwa, inda jarumai ke magana ƙasa-ƙasa sannan waƙa ta tashi yara daga barci, wannan ya fi ƙarfin mai turi. Mai tace fim ne zai daidaita magana da waƙa tun kafin fim ɗin ya bar situdiyo.